Tambaya da Amsa: Rubutu a Intanet da Kuɗin Talla

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato yadda mutum zai zauna a gida ya yi rubutu a intanet ya samu kuɗi daga talla. Mun zaɓo waɗanda suka taɓo inda aka fi yin tuntuɓe.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, albashi ba ya kai ni ƙarshen wata. Na ji ana cewa idan mutum ya buɗe shafi yana rubutu, Google na biyansa da dala. Da gaske ne? Kuma nawa ake samu? Daga wani malami a Jega.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ana biya, amma ba rubutunka ake saya ba. Idon masu karanta rubutun ake saya. Tsarin da ka ji labari shi ne AdSense, wanda Google ya fara a 2003. Kai za ka ba da fili a shafinka, masu talla su yi gwanjon filin a duk lokacin da wani ya buɗe shafin, Google ya cire rabonsa ya ba ka naka. Shekara da shekaru rabon mai shafi kashi 68 cikin 100 ne. A 2024 an sauya salon lissafin, aka koma biya bisa yawan ganin talla maimakon yawan dannawa, amma abin da ke zuwa hannun mai shafi bai yi nisa da na da ba.

Lissafin da ya kamata ka riƙe shi ne abin da shafi ke kawowa a kowane buɗewa dubu. Mu ɗauka, don misali kawai, dala 1 ce. Idan ana buɗe shafinka sau 500 a rana, a wata ka samu 15,000, wato dala 15. Google kuwa ba ya turo kuɗi sai sun kai dala 100, ka ga sai ka yi kusan wata bakwai kafin ka ga biyan farko. Kuma buɗewa 500 kullum ba ƙaramin aiki ba ne ga sabon shafi.

Wannan adadi ba a tsaye yake ba. Mai karatu daga Amurka ko Ingila ya fi mai karatu daga Nijeriya kawo kuɗi, domin masu talla na can sun fi zuba kuɗi a gwanjon. Rubutu kan harkar banki, inshora ko na'urori ya fi labarin nishaɗi tsada. Ƙarshen shekara farashi kan tashi, a Janairu ya faɗi.

Shawararmu, Malam, kada ka saki alli. Ka fara da Blogger, dandalin buɗe shafin rubutu, kyauta ne kuma na Google ne, ana iya sarrafa shi da waya. Ka zaɓi fanni ɗaya da ka sani ciki da bai, ka riƙa fitar da rubutu biyu ko uku masu nauyi a mako. Idan ka ga mutane sun fara zuwa, sannan ka sayi sunan shafi naka na kanka, irin mai ƙarewa da .com ko .com.ng. Kuɗin sunan duk shekara ake sabunta shi. Ka rubuta ranar a inda ba za ka manta ba, domin idan ta wuce shafin zai sauka, wani ma na iya saye sunan.

TAMBAYA: Ina rubuta girke-girke da Hausa, irin su tuwon shinkafa da miyar kifi da fura. Duk rubutun nawa ne, ban kwafi na kowa ba, amma duk lokacin da na nemi AdSense sai a ƙi ni. Mene ne laifina? Daga wata ɗaliba a Aliero.

AMSA: 'Yar'uwa, mai yiwuwa ba ki da laifin komai. AdSense yana da jerin harsunan da yake karɓa, akwai Turanci da Larabci da Faransanci da Urdu da Hindi da wasu da dama, amma Hausa ba ta cikinsu zuwa yanzu. Ƙa'idarsu ta hana sa tallansu a shafin da akasarin rubutunsa yake cikin harshen da ba ya cikin jerin. Wannan shi ne abin da masu sayar da darasin "samun dala da waya" ba sa faɗa wa marubutan Hausa, kuma abin yana ba mu takaici, domin ana ɓata wa yara lokaci da data.

Za ki ji wasu na cewa ki cika shafin da Turanci, idan an amince sai ki goge ki koma Hausa. Kada ki bi. Ana ci gaba da duba shafi bayan an amince da shi, kuma ranar da aka gano za a iya dakatar da tallan, wahalar watanni ta tashi a banza.

Idan kina son AdSense ɗin dole, sai shafin ya zama na Turanci da gaske, kuma akwai masu neman girkin Arewa da Turanci a Legas da Abuja da ƙasashen waje. A nan sai ki kula da sauran dalilan ƙi: shekarunki su kai 18, rubutun ya zama mai tsawo da amfani ba layi biyar da hoto ba, shafin ya kasance yana da sashen bayanin ko ke wace ce, da hanyar tuntuɓa, da bayanin sirrin masu ziyara. Akwai kuma hanyar bidiyo. YouTube na fara raba kuɗin talla idan kin samu mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12, kuma masu magana da Hausa da yawa suna ciki.

Amma hanyar da muka fi ganin ta dace da mai rubutun Hausa ita ce tallan kai tsaye, wato ke da ɗan kasuwa ba tare da kowa a tsakani ba. Masu karanta girkinki su ne masu sayen kayan yaji, tukwane, man gyaɗa, shinkafar gida da busasshen kifin Yauri. Mai sayar da waɗannan a Birnin Kebbi ko Jega ya fi buƙatar mata dubu biyu na yankinsa da ke karanta ki kullum fiye da baƙi dubu hamsin da ba za su taɓa taka shagonsa ba.

Ga yadda ake yi. Ki bari sai shafin ya yi wata uku zuwa shida yana tafiya. Ki buɗe sashen ƙididdiga na Blogger, ki ɗauki hoton adadin masu ziyara na kwana 30 da ƙasashen da suke fitowa. Da wannan za ki je wa ɗan kasuwa, ba da baki kawai ba. Ki sayar masa da fili na wata ɗaya, ku rubuta yarjejeniya ko da a saƙon WhatsApp ne: inda tallan zai zauna, ranar hawa, ranar sauka, da kuɗin. Ki karɓi kuɗin kafin ki ɗora, domin bin bashin talla bayan ya sauka wahala ne. Ki ce wa masu karatu su ambaci sunan shafinki idan sun kira shi, ta haka zai san cinikin daga wajenki ya zo, kuma shi ne abin da zai sa ya sabunta a wata mai zuwa. Ki rubuta "Talla" a saman kowane talla. Maganin da ba shi da lambar NAFDAC kuwa, ko nawa aka ba ki kada ki ɗora, domin ranar da ya cutar da wata, sunanki za a kira.

TAMBAYA: Shafina na Turanci ne kan noman shinkafa, an amince da ni, kuɗi sun fara taruwa. Sun ce sun aiko mini da lambar PIN ta gidan waya, shiru har yau. Yaya zan yi? Daga wani manomi a Birnin Kebbi.

AMSA: Barka da ƙoƙari, Alhaji. Idan kuɗi suka kai dala 10, Google na aiko da takarda mai ɗauke da lamba shida don ya tabbatar da adireshinka. Takan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, a wajenmu takan fi haka. Abin da ya fi hana ta isowa shi ne adireshi irin na "bayan masallacin Juma'a", wanda ɗan unguwa ne kawai zai gane. Ka gyara shi ya zama mai lambar gida da sunan titi da lambar yankin gidan waya, ko ka yi amfani da adireshin wurin aikin da aka saba kai wa wasiƙa. Sannan kada ka zauna jira. Ka taka zuwa babban gidan waya da katin shaidarka, ka ba ma'aikatan sunanka da lambar wayarka, ka riƙa leƙawa.

Wata huɗu kake da su daga ranar da aka fitar da lambar farko, idan suka wuce talla zai daina fitowa. Kana iya neman a sake aikowa, kuma lambar ɗaya ce, duk takardar da ta riga isowa ta wadatar. Kada ka yi cinke, idan ka shigar da lamba ba daidai ba sau uku za a tsayar da tallan. Idan damar sake aikowa ta ƙare, akwai fom da ake cikewa a tura hoton katin shaida ko takardar banki mai ɗauke da adireshin.

Tun yanzu ka buɗe asusun dala a bankinka, ka karɓi lambar SWIFT ɗinsu, wato lambar da ake gane bankin da ita wajen turo kuɗi daga ƙasashen waje. Sunan da ke asusun bankin da na katin shaida da na AdSense su zama iri ɗaya harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya jawo tsaiko. Idan kuɗin sun kai dala 100 a ƙarshen wata, ana turo su tsakanin 21 da 26 ga wata mai bi, su ɗauki 'yan kwanaki kafin su sauka, banki kuma na iya cire ladansa.

TAMBAYA: Mun haɗa rukuni da abokai, kowa na danna tallan shafin ɗan'uwansa. Wani kuma ya ce zai sayar mini da asusun AdSense da aka riga aka amince da shi. Akwai matsala? Daga wani matashi a Yauri.

AMSA: Akwai babba, ƙanenmu. Ku rushe rukunin nan yau. Google na ganin wayar da aka danna da ita, da layin, da yadda mutum ke shiga ya danna ya fita ba tare da ya karanta komai ba. Hukuncin shi ne a zaftare kuɗin, ko a taƙaita tallan, ko a rufe asusun baki ɗaya a mayar wa masu talla kuɗinsu, kuma wanda aka rufe wa da wuya a sake karɓarsa. Ko rubuta "ku danna talla don ku taimaka mana" laifi ne a ƙa'idarsu. Ban da haka, kuɗin ɗan kasuwa ne ake ci ba tare da an kai masa mai saye ba.

Asusun sayarwa kuwa yana ɗauke da sunan wani da katin shaidar wani. Ranar da aka nemi a sake tabbatar da mai shi, ko mai shi ya ga kuɗi sun taru ya sauya kalmar sirri, ba ka da inda za ka kai ƙara.

TAMBAYA: Ina tsoron a sa tallan caca ko hoton tsiraici a ƙarƙashin rubutuna, mutanen gari su gani. Ana iya hanawa? Daga wata uwa a Argungu.

AMSA: Ana iyawa, Hajiya, kuma tsoronki a kan hanya yake. A cikin asusun akwai sashen toshe tallace-tallace. Tallan giya da na caca a toshe suke tun asali, sai in mutum ya buɗe da kansa. Amma irin na neman abokan soyayya, da masu nuna jiki, da na 'yan duba, da na "yi arziki dare ɗaya", a buɗe suke zuwa, ke za ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki kashe. Akwai kuma wurin duba tallan da suka riga suka fito, inda za ki toshe wanda ya sulale. Ki riƙa shiga duk mako, domin tacewar ba ta kama komai. Kuɗin na iya raguwa kaɗan, mu dai muna ganin ragin ya cancanta.

TAMBAYA: Ina rubuta labaran tsaro na yankinmu. Na lura talla ba ya fitowa a labaran da aka fi karantawa. Me ya jawo? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Allah ya kawo mana zaman lafiya, Malam. Kusan tabbas hotuna ne. Google na sa shafin da ke nuna gawa ko jini ko raunuka a rukunin abubuwa masu tayar da hankali, kuma yawancin masu talla ba sa yarda kayansu su fito a irin wannan wuri. Ka shiga sashen ƙa'idoji na asusunka, za ka ga shafukan da aka yi wa alama da dalilin kowanne. Ka cire hotunan, ka rage bayanin da ya wuce kima, sannan ka nemi a sake dubawa. Ko ba don talla ba, mamatan nan suna da iyaye da 'ya'ya da ke riƙe da waya. Kuma kada ka fitar da adadin mutane ko sunan ƙauye sai ka tabbatar daga majiya fiye da ɗaya.

Tunda a Zamfara kake, ka san yadda aka katse layukan waya a jihar a Satumban 2021. Ka riƙa rubutu a manhajar da ba ta buƙatar intanet, idan ka samu sabis mai ƙarfi ka ɗora rubutun mako guda ka sa wa kowanne ranar da zai fita da kansa, Blogger da WordPress, wani dandalin buɗe shafi irinsa, duk suna da wannan. Ka matse hotuna su koma kusan kilobayit 100 don su buɗe a ƙauyen da sabis ke rawa. Duk ƙarshen wata kuma ka sauke kwafin shafin gaba ɗaya ka ajiye a wuri biyu, ɗaya a waya ɗaya a imel.