Kafin ka buɗe wayar mai ciwon sukari

Ka ce wata Hajiya ta kawo waya, wayar ta daina karanta abin da ke manne a damtsenta, kana tambaya ko ka yi wa wayar filashin, wato ka goge komai na cikinta ka sake saka mata manhaja. Kada ka kuskura. Ku yaran yanzu komai filashin, ba ku son zama ku duba.

Abin nan FreeStyle Libre ne, na'urar auna sukarin jiki ta kamfanin Abbott. Kwana 14 yake yi a jiki. Ana kanga masa bayan waya ta karanta ta NFC, wato fasahar da waya ke karanta abin da aka kanga mata kusa, sakamakon ya bi intanet zuwa wurin likita ko ɗanta, ko yana Yawunde ko Faransa. Ka goge manhajar, ita kuma ba ta riƙe imel da lambar sirri ba, ka raba ta da mai lura da ita. Sukari idan ya sauka ƙasa da 70, rai ake magana.

Wannan abu ya taɓa cin mini kuɗi a nan kasuwar Garwa. Wani Alhaji, babbar riga da turare, ya kawo waya a sauya gilashi. Na sauya, ya biya, ya tafi. Washegari sai ga shi da ɗan'uwansa, yana ɗaga murya wai na kashe masa waya, ba ta karanta sukarinsa, da ya mutu cikin dare da jininsa na wuyana. Mutane suka taru. Na nuna musu murfin bayan ba na asali ba ne, siririyar wayar NFC ma an ciro ta, tsohon gam ga shi ya bushe. Wa zai saurari mai gyara gaban mai furfura da rashin lafiya? Dattawan kasuwa suka ce in yi haƙuri. Na sayi sabuwar waya, na biya har kuɗin abin damtsen, ribar wajen wata biyu. Daga baya wani abokin sana'a ya ce shi aka fara kai wa, ta faɗa ruwa, ya gaya wa Alhajin ba za ta ƙara karantawa ba. Har yau idan Alhajin ya wuce ba na amsa sallamarsa da daɗin rai.

Saboda haka kira Hajiya, ta gwada a gabanka da gaban wanda ya rako ta. Duba ko an kashe NFC, ko agogon wayar ya kauce. Sauran ba sai na faɗa maka ba. Idan wayar ta ƙi, Hajiya ta koma na'urar huda yatsa yau ɗin nan, ta kira likitanta. Wayar kuma ka ajiye mini, ni zan buɗe.