Yara sun haddace ABCD amma ba sa iya karatu, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a aji 2 na wata firamare ta gwamnati. Yarana sun haura 70, littattafan karatu kuwa ba su kai 10 ba. Suna rera ABCD har Z, amma in na rubuta "gida" a allo sai su yi tsuru-tsuru. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, sannu da ƙoƙari. Waƙar ABCD sunayen haruffa na Turanci take koya wa yaro. Wanda ya san g da "ji", ya san i da "ai", in ya haɗa su "ji-ai" zai ce, ba zai taɓa isa ga "gi" ba. Don haka ki ajiye waƙar, ki koma ga sautin harafi, kuma da Hausa, tunda ita suke ji. Rubutunmu na boko yana da sauƙi a nan: wasula 5 ne, a, e, i, o, u, kuma yawancin gaɓoɓinmu baƙi ne da wasali. Yaran da ke zuwa makarantar allo ma sun saba da wannan hawa, daga babbaƙu zuwa farfaru.

Ki sa su tsinto miki marafan robar lemo, a wanke. Ki rubuta baƙaƙe a kan masu launi ɗaya, wasula a kan wani launin. Kada ki zuba musu haruffa duka. A, n, m da k sun ishe ki farawa. Ki raba su rukuni-rukuni, mutum 6 zuwa 8, su zauna a tabarma. Ki ce "na", su lalubo n da a su jera. Ki ce "ma", su jera a gefensa. Sai ki tambaya, me kuka rubuta? Za ki ji wani ya ɗaga murya ya ce nama! Yanzu a cire n a sa k, ya zama kama. A juya gaɓoɓin, ya zama maka. Yaron da ya ɗauke harafi da hannunsa ya ji kalma ta canza, ya gane abin da haddar shekara ba ta ba shi ba. Minti 20 kullum ya fi awa 2 ranar Juma'a.

Masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ da ƙ, a fita waje a zana su da yatsa a ƙasa, ko a murza laka a lanƙwasa. Ki haɗa musu kafa da ƙafa su ji bambancin.

Kada kuma ki bar tatsuniya. Ki ba su ta Gizo da Ƙoƙi, ki tambaye su abin da ya faru, ki rubuta jimla ɗaya daga bakinsu a allo, ku karanta tare kina bin kalmomin da sanda.

Abin da na fi so ki fara da shi shi ne gwaji. Ki kira kowane yaro shi kaɗai, ki nuna masa harafi, gaɓa, sannan kalma, ki rubuta inda ya tsaya. Da wannan za ki kasa rukunonin, ba da shekaru ko tsawo ba. Tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa ke nan, ana kuma aiki da shi a wasu jihohin Arewa. Waɗanda suka kai kalma su riƙe marafai su jagoranci 'yan uwansu, ke kuma ki zauna da waɗanda ba su san harafi ba. Bayan wata guda ki sake gwajin, ki sauya musu rukuni.