Zan iya wanke babban bargo a injin wanki na gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Tudun Wadar Zariya, ina da injin wanki mai baki biyu, mai ɗaukar kilo 7. Sanyi ya kusa, na fito da barguna na tarar duk suna warin ajiya. Zan iya wanke su a ciki, musamman mai kaurin nan mai ninki biyu, ko zai lalata mini inji?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Zanin gado da ƙananan barguna na yara ki wanke su ba fargaba. Mai ninki biyun nan kuwa, ina ba ki shawara kada ki sa shi.

Kilo 7 da aka rubuta a jikin injin nauyin busassun kaya ake nufi, kuma kaya irin riguna da zannuwa masu warwatsuwa a ruwa, kowanne ya kama gefensa. Bargo dunƙule guda yake. Idan ya sha ruwa nauyinsa ya ninka, sai ya tattara a gefe ɗaya, injin yana ja yana nishi. A inji mai baki biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsewa, faifan da ke juyawa a ƙasan na wankin shi ke wahala, bel ya yi ta zamewa, wani lokaci har kwayil ya ƙone. Ɓangaren matsewa ya fi ban tsoro, domin ya fi na wankin ƙanƙanta. Aka cusa jiƙaƙƙen bargo a ciki, za ki ji yana dukan bango, kuma haka boris ke lalacewa. Da kin ji wannan ƙarar ki kashe nan take.

Ga gwajin da nake so kowa ya riƙa yi kafin ya zuba ruwa: a sa bargon a bushe, ba tare da dannawa ba. Idan ya ci fiye da kashi uku cikin huɗu na cikin injin, ya yi masa yawa. Kayan da ba su samu wurin juyawa ba ba sa fita, waje ya jiƙe, tsakiya na nan da dattinsa. Manyan barguna sai inji mai kilo 10 zuwa sama, ya fi kyau a ce mai ƙofa a gaba.

Wanda ya shiga, ki wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi ko mai ɗumi kaɗan, kada ya wuce digiri 30, don yawancin bargunan kasuwa zarensu na roba ne, zafi na kashe musu laushi. Zanin gado na auduga shi ne ke jure digiri 60. Ki rage omo. Mutanenmu na ganin yawan kumfa shi ne tsabta, alhali shi ke maƙalewa a gashin bargo ya sa ƙaiƙayi, yara su kwana suna susa. Ki narkar da omon a ruwa tukuna, ki ɗauraye sau biyu.

Babban kuma, ki jiƙa shi a baho, a tattake shi da ƙafa, a canza ruwa har ya fito garau, ko ki kai wa masu wanki da guga da ke da babban inji. Kada a murɗe shi. A rataya a igiya biyu yadda iska za ta ratsa tsakiya. Ki fara da sassafe, ki kwashe da zarar ya bushe, domin ƙurar hunturu ba ta jira. Ki taɓa tsakiyar ninkin kafin ki naɗe, danshin da ya rage shi ke dawo da warin da kike gudu.

Matashin kai na soso ko na audugar rimi kada ya shiga inji ko kaɗan, soso yagewa yake, rimi kuma ya cure. Ki cire rigar ki wanke, shi kuma ki baza shi a rana ki kakkaɓe.