Shin yawan ƙwallayen da aka ci ƙungiya ya isa a auna bayanta?

Tambaya: Mun yi musu da abokina. A kakar da ta wuce ƙungiyar da nake goyon baya tana cikin waɗanda ba a zura wa ƙwallaye da yawa ba, amma shi ya dage wai bayanmu a buɗe yake, sa'a ce kawai ta rufa mana asiri. To in ba da ƙwallayen da aka ci ba, da me ake gane ƙarfin baya?

Amsa: Malam, kada ka yi saurin ƙaryata abokin naka. Da adadin ƙwallaye ake fara lissafi, wannan gaskiya ne, kuma wani lokacin shi kaɗai ya wadatar. Chelsea ta Mourinho a kakar 2004/05 ƙwallo 15 kacal aka zura mata a wasa 38 na Firimiya, a wasa 25 ma ba a taɓa ragarta ba. Wannan ba ya buƙatar dogon bincike. Amma sau da yawa adadin yakan ɓoye wanda ya yi aikin.

Dubi Manchester United a 2017/18. Ƙwallo 28 aka ci ta, ta ƙare ta biyu, a takarda sai ka ce katanga. Wanda ya zauna ya kalli wasannin kuwa ya san golansu David de Gea ne ya ɗauki ƙungiyar a kansa. A wasansu da Arsenal na Disambar 2017, wanda suka ci 3-1, sau 14 yana tare ƙwallon da ta nufi raga, har da wadda ya ture da ƙafa ana ganin ta riga ta shiga. In gola zai yi irin wannan wahala a wasa ɗaya, ai ƙofa a buɗe take, mai gadi ne dai bai yi barci ba. Kaka ta gaba ƙwallo 54 United ta sha.

Shi ya sa masu nazarin wasa suke duba irin damar da ƙungiya ke bari a samu a kanta. Ma'aunin da suke kira xG yana ba kowane hari maki gwargwadon yiwuwar ya zama ci: bugu daga nesa makinsa kaɗan ne, na bakin raga kuwa babba. In jimillar makin ta zarce ƙwallayen da aka ci ku da nisa, to ko dai golanku ya yi bajinta ko kuma 'yan gaban abokan hamayya sun yi ta ɓarar da dama. Duka biyun ba kasafai suke ɗorewa ba.

Akwai kuma abin da ni na fi ba muhimmanci, wato abin da ke faruwa kafin ƙwallo ta iso wurin 'yan baya. Leicester ta ɗauki kofi a 2015/16 an ci ta 36. Ɗan tsakiyarta N'Golo Kante ya koma Chelsea, 'yan bayanta Wes Morgan da Robert Huth suna nan a inda suke, amma kaka ta gaba aka zura wa Leicester 63. Ba tafiyar Kante kaɗai ta jawo haka ba, sai dai da babu mai tare hari tun daga tsakiya, mutanen nan biyu da gudu ba nasu ba ne sai suka riƙa haɗuwa da 'yan gaba a fili fetal. Laifin ya hau kansu, alhali ɓarakar daga gabansu ta faro.

Yawan ƙwace ƙwallo da share ta kuwa, kada ya ruɗe ka. Ƙungiyar da ake matsa wa kullum ita ce 'yan bayanta ke tara irin waɗannan alƙaluma.

Sannan ka ware ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya. Nawa ne daga bugun kusurwa da bugun tazara, nawa daga fenareti, nawa aka ci bayan an ba wani jan kati? Southampton ta sha 9-0 a hannun Leicester a Oktoban 2019, bayan an kori ɗan wasanta tun farkon wasa, kuma duk da haka ta ƙare kakar a matsayi na 11. Dare ɗaya irin wannan yakan ɓata lissafin kaka guda.

Ku zauna kai da abokin naka, ku ɗauko wasa biyar da kuka buga da manyan ƙungiyoyi, ku ƙirga sau nawa ɗan gaba ya tsaya daga shi sai golanku. In kusan kowane wasa sai an yi haka sau biyu ko uku, to shi ne da gaskiya.