Amsa ga mai son canza na'urar faifan laftof ɗinsa

Wa'alaikumus salam Malam. Tun da hantsi na ga tambayarka, sai yanzu bayan la'asar na samu zama. Ka ce HP EliteBook 8470p ɗinka ta daina karanta faifai, mai gyara kuma ya ce tunda dai canji za a yi, gara ka ƙara kuɗi a sa maka mai karanta Blu-ray, shi ne kake son jin ko abin ya ci kuɗinsa.

A ganina bai ci ba. Na daɗe ina buga takardu da haɗa bidiyon biki a nan Mabera cikin Sakkwato, irin wannan na'urar ta mutu a hannuna ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Mai gyara bai yi ƙarya ba a kan girma. CD na ɗaukar 700MB, DVD 4.7GB, Blu-ray kuwa 25GB a shimfiɗa ɗaya. To amma ina faifan? Ni dai duk yawona a shagunan kwamfuta na garin nan ban taɓa cin karo da Blu-ray fanko da zan zuba aiki a kai ba. Ko ka samu na kallo, hotonsa 1920 da 1080 ne, allon 8470p kuwa ko dai 1366 da 768, ko 1600 da 900, ka ga ka sayi kyan da idonka ba zai gani ba. Ga shi Windows ba ta kunna shi da kanta, sai ka nemi manhaja ta kuɗi saboda makullin da kamfanoni ke sa wa faifan. Kai, ko DVD ɗin ma tun Windows 8 Microsoft ta cire kunna shi, shi ya sa kowa ya koma manhajar kunna bidiyo ta VLC.

Kafin ka kashe ko sisi, yi wannan gwajin. Samu CD ɗaya da DVD ɗaya masu lafiya ka gwada su daban-daban. Kowanne da hasken da ke karanta shi a cikin na'urar, ba ɗaya ba ne. In ta karanta CD ta ƙi DVD, to hasken DVD ɗin ne ya gaji, babu gogewar da za ta tashe shi. In kuwa duka biyun ta ƙi, tana juyawa tana ƙara kamar tana nema, ka zargi ƙura. Mu da muke Sakkwato mun san abin da hunturu ke yi, ko ɗaki a rufe yake sai ka rubuta sunanka a kan tebur. Buɗe farantin, za ka ga ɗan ƙaramin gilashi kamar ƙwayar ido, ka shafe shi a hankali da audugar kunne da ɗigon sifirit, kada ka danna. Na taɓa tayar da biyu ta haka, har da wadda mai ita ya riga ya fid da rai.

Zafi kuma wani abu ne daban. Faifan da muke ƙonawa da kanmu wani sinadari ne a jikinsa ke riƙe bayanin, kuma ba ya shiri da rana. Wata bazara na bar faifan bikin wasu mutane a gaban mota daga azahar zuwa la'asar. Ko da na dawo sun lanƙwashe kamar gurasa. Allah ya taimake ni ban goge aikin daga kwamfuta ba, da ban san da wane ido zan kalli uwar amarya ba. Tun ranar na koma ba mutane aikinsu a filashi, su ma sun fi so, don talabijin ɗin yanzu da kafar filashi suke zuwa.

Abin da na yi da tawa, wanda shi nake ba ka shawara: cire na'urar gaba ɗaya, ka sa abin da masu shago ke kira kadi. Wani ɗan akwati ne mai siffar na'urar faifan, sai dai cikinsa wurin zaman had-dis ne. Ka sayi SSD, wato ma'ajiyar zamani da ta fi had-dis gudu, ka sa a mazaunin had-dis na asali, Windows ta zauna a kansa, tsohon had-dis ɗin kuma ya koma cikin kadi ya zama rumbun ajiya. Kada ka juya su, domin a wasu laftof ɗin kafar gefen faifai ba ta kai ta asali gudu ba. Kwamfutar nan ta 2012 ce, amma ranar da na yi wa tawa haka sai da yaron shagona ya tambaye ni ko sabuwa na saya. Kafin ka gyara zama ta gama tashi. In da sauran canji ka ƙara mata ram, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, gurbi biyu gare ta, nau'in DDR3.

Ga inda na taɓa faɗawa rami, kada ka bi ni. Kaurin gurbin iri biyu ne, akwai mai milimita 12.7 akwai mai 9.5. Taka 12.7 ce, Dell Latitude E6420 da ta cika gari kuma 9.5. Na taɓa saye da ka, mai shago ya ce ai duk ɗaya ne, na zo gida abu ya ƙi shiga, na koma ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Ka tafi da tsohuwar a hannunka a gwada. Cire ta ba wuya, buɗe murfin ƙasa, noti ɗaya ne ke riƙe da ita. Sannan ka ɓalle fuskar robar da ke bakinta ka maƙala wa kadin, in ba haka ba gefen zai zauna da giɓi, ƙura ta samu ƙofa.

Wani zai ce to in Windows ta lalace fa? Filashi mai 8GB ya wadatar wajen sake ɗora ta. Windows 11 ma ta fi ƙarfin DVD na 4.7GB, ko da yake taka ba ta cikin waɗanda Microsoft ta amince su ɗauke ta, wannan kuma zancen wata rana ne.

Ban ce faifai ya mutu ga kowa ba. Akwai wanda asibiti ke ba hoton sikan a faifai, akwai ɗalibin da aka ce ya miƙa aikinsa na ƙarshe a CD, akwai mai tarin tsofaffin faifan tafsiri da yake son kwashewa. In kana cikinsu, sayi na'urar DVD ta waje mai igiyar USB. Ka yi aikinka, ka ƙulle ta a leda ka jefa a durowa, ƙura ba ta gan ta ba. Ranar da ka canza laftof ma tana nan, don na yanzu yawancinsu ba su da gurbin faifai sam. In igiyarta mai kai biyu ce, ka soka duka biyun, ɗayan na ƙarin wuta ne.

Yi gwajin CD da DVD ɗin tukuna ka faɗa mana abin da ta yi. In ka tashi sayen kadin ka yi mini magana, gobe bayan azahar ina shago, sai ka zo da ita mu ɗaura tare.