Amsar tambayar hawa Jakhu a Shimla

Assalamu alaikum ƴan group, ina yininku. To wannan voice ɗin na ƙanenmu ne da ya tambaya jiya, wai suna son su je Shimla, garin kan duwatsu a arewacin Indiya, hutun nan daga Chandigarh, ko ya dace su hau wuraren bautar Hindu da ke kan duwatsun can, kuma ko ana barin Musulmi ya shiga. Ƙanena ana bari, babu mai tare ka a ƙofa ya ce mene addininka, kai dai ka san me ya kai ka, kallo ka je yi.

Wanda kowa ke zuwa shi ne Jakhu, shi ne dutse mafi tsawo a garin, wajen mita 2,450 daga saman teku. Tun kana Ridge, filin nan na gaban tsohuwar cocin Turawa, in ka ɗaga kai za ka hango wani ƙaton gunki mai ruwan goro ya leƙo ta saman bishiyoyi, to shi ne Hanuman, abin bautarsu mai siffar biri, ƙafa 108 tsawonsa, a 2010 aka buɗe shi. Su a labarinsu wai a nan ya yada zango ya huta lokacin da ya tafi nemo ganyen magani ma Lakshman ƙanen Rama, wani abin bautar nasu. Daga Ridge ɗin za ka iya takawa, minti talatin zuwa arba'in, amma fa hawa ne na gaske, Dala wasan yara ne, ga iskar wurin ba ta cika huhu, sai ka ga saurayi majiyi ƙarfi ya dafa gwiwa yana haki. Wanda ba zai iya ba akwai tasi, akwai kuma ƴar motar nan mai rataye a waya, minti biyar shida ta dire ka a sama.

Yanzu maganar birai, don Allah ku saurara da kyau don nan ne ake kuka. Biran Jakhu ɓarayi ne ƙwararru wallahi. Gilashin ido ka cire shi tun daga ƙasa ka sa a aljihun ciki, waya kar ka miƙa hannu da ita kana selfi, hula ma haka. Biri zai diro kafaɗarka ta baya ya zare gilashin ya haye bishiya ya zauna yana kallonka yana ɗan tauna hannun gilashin, ba zai sako ba sai an jefa masa gyaɗa ko chana, wani irin wakensu, kuma masu sayar da gyaɗar suna nan tsaye suna jiran ciniki, ni har zargi nake ko haɗin baki ne hhh. Ana ba da hayar sanda a hanya, ku karɓa, amma riƙewa kawai, kar ka daki biri a wurin, su abin girmamawa ne a wajensu saboda Hanuman ɗin. Kar kuma ka ƙura masa ido ko ka washe masa haƙora, faɗa yake ɗauka.

In za ka shiga ciki sai ka cire takalmi, akwai inda ake ajiyewa, ka sa safa mai kauri don daɓen sanyi ƙarara. Mai kula da wurin zai iya miƙo maka alawar da aka yi sadaka da ita ga gunkin, ko ya kawo yatsa zai ɗiga maka jan abu a goshi, kawai ka dafa ƙirji ka ɗan ja baya da murmushi, sun gane, ba sa jin haushi. Ni a ganina ma ba sai ka kutsa har ɗakin ba, harabar ta isa, abin kallon yana waje, tsaunukan Himalaya jere da ƙanƙara a kansu in gari ya washe. Talata da Asabar ranakun Hanuman ne, cunkoso ake, ku kauce musu.

Akwai wani wurin bautar kuma, Tara Devi, kamar kilomita 11 daga gari, can ya fi shiru, ƙaramin jirgin ƙasan da ke zuwa Shimla daga garin Kalka ma yana da tasha mai sunan.

Sai maganar lokacin zuwa, Yuli da Agusta ban ba ku shawara ba, damina ce ƙasa na zaftarewa, a Agustan 2023 ta rufta kan wani wurin bauta a unguwar Summer Hill mutane da dama suka mutu. Sallah kuma akwai masallacin Juma'a a Middle Bazaar ƙasan Mall Road, ku yi azahar a can kafin ku fara hawa, don alwala da ruwan saman dutsen nan sai mai ƙarfin hali.