Amsa ga 'yar'uwar da ke son hawan Dutsen Penang da ƙafa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin tambaya ko za ki iya hawan Bukit Bendera, wato Dutsen Penang da ke ƙasar Malesiya, da ƙafa tare da yaranki biyu, kin kuma ce birai ne ke ba ki tsoro. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, domin abin da kike tsoro shi ne ya same ni a shekarata ta farko a Penang.

Mun tashi ne daga ƙofar lambun tsirrai da ke gindin dutsen, muka bi hanyar kwalta da motoci ke bi, wadda ta kai kimanin kilomita 5. Wani ɗalibi da ya riga mu zuwa ƙasar, wanda ya ce ya san hanyar ciki da waje, shi ya sa na riƙo ayaba da biredi a cikin leda, wai biran ba sa taɓa kowa. Ba mu yi rabin sa'a ba sai wani ƙaton biri mai doguwar wutsiya ya diro daga bishiya ya cafke ledar, ni kuma don ruɗewa na ƙi saki, ya yakushe mini hannu har jini ya ɓata mini hijabi. 'Yata tana kuka, tana riƙe da zanina, wasu biran sun kewaye mu. Shi kuwa wanda ya kawo mu yana can gaba yana ɗaukar hoto, kuma da ya dawo abin da ya fara cewa shi ne ni na tsokane su. Har yau wannan maganar ta fi raunin yi mini ciwo. Ko asibiti bai raka ni ba, wata dattijuwa 'yar ƙasar ce ta wanke mini ciwon da ruwan gorarta, ta ce lallai in je a yi mini allura.

Don Allah kada ki riƙe leda ko kaɗan, sun san ƙararta. Komai ki zuge shi cikin jakar goyo, kada yaran su ci abinci a hanya, kada su zuba wa biri ido ko su washe masa haƙora, domin a wurinsa neman faɗa ne. In ya kama abu, ki sakar masa.

Duk da haka ina so ki je. Daga sama za ki hango birnin George Town da mashigin ruwan da ya sa Baturen Ingila Francis Light ya karɓi tsibirin Penang wa kamfanin cinikin Ingila a 1786, kuma sunan Bukit Bendera ma, wato Dutsen Tuta, ya samo asali ne daga tutar da ake ɗagawa a can a da don sanar da gari isowar jiragen ruwa. Sai da na tsaya a wurin na fahimci dalilin da ya sa fataken Indiya da na yankin Aceh na Indonesiya suka zo neman masoro da kanumfari, har suka bar masallatan Kapitan Keling da na Lebuh Acheh da muke salla a cikinsu.

Ki fita bayan Asuba, saboda hawan yana cin sa'o'i 2 zuwa 3 kuma ruwan sama ya fi zuwa da yamma. Akwai masallaci a sama. Idan ƙaramin bai kai shekara 6 ba, ku hau jirgin ƙasan da ke jan mutane zuwa ƙololuwa tun 1923, ke kuma ki dawo wata rana ki taka da ƙafa tare da wanda zai tsaya kusa da ke.